DARASIN KIWO: Wane zakara za mu bari a gida?

Mun san wasu za su yi dariya in sunka ga wanga darasi, su ce mi ya haɗa jaridar fataken shanu da zancen zakara. To, a yi haƙuri a karanta. Da wuya a samu ɗayanmu da ba shi da kaji a gida, ga zabi, ga agwagi, wani har da talo-talo da tantabaru. Kuma in mutum ya ɗauki shanu daga Maraɗi ko Damagaram ya nufi Legas, ya yi kwana ashirin bai dawo ba, mi ke rufa wa gida asiri? In yaro ya kwana da zazzaɓi ba saniya uwargida ke saidawa ba, kaza take kamawa. In baƙo ya sauka, kaza. Littafin makaranta, sabulu, kuɗin niƙa, duk kaza. Ke nan akurkin nan da muke rainawa shi ne asusun gida sa'ad da mai gida ke bisa hanya.

Abin da ya sa munka kawo maganar shi ne wani kuskure da kusan dukanmu muke yi, alhali a wajen shanu ba mu taɓa yin shi ba.

Ga yadda abin yake. Kaza ta ƙyanƙyashe, tsaki sun yi girma, a ce huɗu ko biyar maza ne. Sun kai wata biyar, sun fara gwada cara. Sai Salla ta zo, a ce a kamo babban. Sai suna, a kamo mai bi mashi. Sai buƙatar kuɗi ta taso, a ɗauki wanda ya fi cika ido a kai kasuwa, don shi ne zai fi tsada. Kafin a ankara wanda ya rage a gida shi ne ɗan tsamurmurin nan da kowa ya ƙi, wanda ko dillali bai taya ba. Shi ne kuma zai zama uban tsakin baɗi duka. Baɗi a sake haka, baɗin baɗaɗa a sake. Bayan shekara biyar sai ka ji mutum yana cewa kajin zamanin nan ba su da girma, ba kamar na da ba. Ba zamani ba ne, malam, hannunmu ne. Mu munka cinye iri mai kyau, munka bar ma kajinmu saura.

Yanzu ku dubi Bafulatani. Ka je rugarshi da kuɗi cike da aljihu, ka nuna bajimin garke ka ce a sa mashi suna, ka ji abin da zai gaya maka. Zai sayar maka da sa, zai sayar maka da tsohuwar saniya, in ya matsu har karsana, amma bajimin da ya zaɓa sai dai ka kalla. Ya san saniya maraƙinta kaɗai take haifa, bajimi kuwa rabin jinin kowane maraƙi na garken nashi ne. Abin da ake yi ke nan a gidan gonar Tukunus ta wajen Filinge da shanun Azawak, haka kuma a cibiyar jar akuya ta Maraɗi: a ware namijin da ya fi, a hana sauran barbara. Zakara ma bajimi ne, girman jiki kawai ya bambanta su. In kana da kaji goma, kowace uwa ce ga 'ya'yanta kaɗai, shi kuwa uban kowa ne.

Saboda haka zaɓen yana zuwa kafin yanka, ba bayan shi ba. Tun 'yan zakarun suna wata uku zuwa huɗu a ware biyu, a ɗaura masu zare ko ƙyalle a ƙafa, a gaya wa kowa a gidan cewa waɗannan ba na tukunya ba ne, ko wane baƙo ya zo. Mun ce biyu don shirwa da muzuru da cuta ba su shawara da kowa. In sun kai wata shida sai a tsaida ɗaya.

A fara da tambayar uwa

Wanda ya san shanu ya san bajimi ba ya nono, amma nonon 'ya'yanshi mata yana bin na uwarshi. Shi ya sa mai wayo in zai sayi ɗan bajimi yake cewa a nuna mashi uwar. Haka zakara: ba ya ƙwai, ba ya kwanci, amma yana ɗauke da halin uwarshi ya zuba wa 'ya'yanshi mata. Kazar gida takan yi zubi uku ko huɗu a shekara, kowane zubi ƙwai 10 zuwa 15, wato wajen 40 zuwa 60 a shekara. Amma cikin akurki guda akwai mai zuba 15 ta kwanta kwana 21 cur ba ta tashi sai shan ruwa, ta fito da 12, ta raina su har su fi ƙarfin shirwa. Akwai kuma mai zuba bakwai, ta yi kwana goma ta gudu ta bar ƙwai ya zama baragurbi. Ɗan ta farko muke so, ko da ɗan ta biyun ya fi shi kyaun gashi.

A nan sai mu sauke girman kai. Mu da muke wata guda ba mu kwana gida ba, ina munka san wace kaza ce uwar wane? Mata da yara sunka sani, su ke ba su dusa, su ke rufe akurki, kuma galibi kajin ma nasu ne. A tambayi uwargida, a tambayi yaron da ke nemo masu gara a daji. Abin da za su gaya maka a zama guda ya fi abin da idonka zai gani ranar da ka sauka daga mota.

Wannan magana ta kwanci ta fi nauyi ga mai zabi. Kowa ya san zabuwa da damina take zuba ƙwai da yawa, amma ba a dogara da ita wajen kwanci da reno, sai ta ja 'yan keti cikin raɓa su mutu. Kaza ake sa wa ƙwan ta kwanta, kuma ƙwan zabo kwana 26 zuwa 28 yake yi, ya ɗara na kaza da mako guda. Na talo-talo 28, na agwagwarmu ta gida har 35. Kazar da ba ta da haƙurin kwana 21, yaya za ta yi da 28? To in ka bar zakaran da 'ya'yanshi ba su kwanci, ba kaji kaɗai ka kashe ba, har da zabinka, waɗanda a kasuwa sun fi kajin daraja.

A kama shi a hannu

Ba mai sayen sa daga nesa. Sai ka zagaya shi, ka taɓa tozo, ka buɗe baki ka ga haƙora, ka sa a kora shi ka ga tafiya. Zakara ma haka. Da dare ake kama shi, bayan ya hau makwanci, da fitila. A shafa ƙashin ƙirji: ya zama miƙaƙƙe, da tsoka dama da hagu. In ƙashin ya fito kamar wuƙa, ko tsutsar ciki ke cin shi ko wata cuta. A ɗaga 'yan uwanshi da anka ƙyanƙyashe rana ɗaya a gwada nauyi, don gwada ɗan wata huɗu da ɗan wata bakwai ba adalci ba ne. Wanda ya fi sa'o'inshi nauyi alhali abinci ɗaya sunka ci, shi ne mai iri. Zanko ya zama ja wur, a tsaye, babu ƙuraje. Zankon da ya koɗe ko ya yi baƙi-baƙi alama ce ta rashin lafiya. Ido garau, hanci ba majina, a kara kunne a ji ko numfashi na ƙara. A buɗe fiffike da gindin wutsiya a duba ƙwarƙwata da ƙuma.

Ƙafa kuwa a daɗe ana dubawa. Zakara da ƙafa yake aiki, kamar bajimi. Mai karkatattun yatsu, ko kumburin tafin ƙafa, ko gwiwa mai gogar juna, ba ya iya hawa yadda ya kamata, sai ka tara ƙwai rabi ba ɗa a ciki. Ƙayar da ke bayan ƙafa ita ce haƙoran zakara: ga ɗan wata biyar ɗan tsiro ne kawai, ga wanda ya shekara ta fito ta yi tsini, ga tsoho ta yi tsawo ta lanƙwasa. Ba ta faɗin shekaru daidai kamar haƙorin sa, kuma ana iya datse ta a ɓoye tsufa, ku dai kun san halin kasuwa. Zakara ya fi ƙarfi daga wata bakwai ko takwas zuwa shekara biyu. In ya haura uku, cara na nan, iko na nan, amma baragurbi ya fara yawa.

Launi fa? Mun san farin zakara da ja suna da kasuwarsu, masu nema na nema, kuma wanda ke kiwo don saidawa ba laifi ya lura da haka. Amma launi ba ya ƙara nama, ba ya ƙara ƙwai. Abin da munka lura kawai shi ne farin tsako shirwa ta fi hango shi a fili. Wanda ba shi da gashi a wuya, da yara ke yi wa dariya, kada a raina shi: gashin jikinshi ya gaza na sauran da kashi 20 zuwa 40 cikin 100, shi ya sa ya fi su jure zafin bazara, kuma in ya hau kaji masu cikakken gashi, rabin tsakin ko fiye za su ɗauko wuyan nashi. Durgu kuwa a yi hattara. Akwai irin gajartar ƙafar da in uwa da uba duka suna da ita, wajen ƙwai ɗaya cikin huɗu ɗan ke mutuwa a ciki tun bai fashe ba. In kana son durgunka, kada ka haɗa durgu da durgu.

Sai hali. Wannan ba a ganin shi da dare, sai ka zauna da safe bisa tabarma ka watsa hatsi ka yi kallo. Zakaran kirki in ya samu abinci ba ya haɗiyewa, ɗauka yake ya aje yana kiran kaji. In inuwar shirwa ta gifta shi ke fara kururuwa, tsaki su shige ƙarƙashin rumbu. Da magariba shi ke tattaro su. Wani kuwa ƙato ne na banza, ya ture kaji ya cinye dusa, in ya hau kaza sai ya fige mata baya har jini. Wanda ke kai wa yara sara, wannan ba shawara, a yanka. Ƙaramin yaro mai rarrafe idonshi daidai bakin zakara yake, kuma sabo da kaza ba ya hana yanka.

Gida mai zabi da agwagi yana son zakara mai zuciya amma ba mai neman faɗa ba. Da farkon damina mazan zabi kan haɗu su yi ta korar zakara, wuni guda ba ya samun sukuni. Ragon zakara sai ya koma bayan ɗaki ya laɓe, kaji su zauna ba mai hawan su. In haka ta faru laifin ba nashi ba ne shi kaɗai, mazan zabin ne sunka yi yawa, a rage su. A kuma raba wurin ci, a raba wa agwagi kaskon ruwansu, don su ke dagula ruwan da kowa zai sha.

Zakara nawa? Ɗaya ga kaji takwas zuwa goma ya isa. Mun shiga gidaje munka ga kaji shida zakara huɗu, wai ana jiran Salla. Kafin Sallar sun cinye hatsi, sun fasa wa juna zanko, kaji sun rame don gudu. Wanda ba a zaɓa ba a ware shi a wani keji, a ba shi dusa da tsaki ya yi ƙiba, a sayar. In kajin sun kai ashirin a bar biyu, gara waɗanda sunka tashi tare, sun riga sun san babba a tsakaninsu. Mai son ya tabbatar zakaranshi na aiki, ya ɗauki ƙwan da kaza ta yi kwana bakwai zuwa goma a kai, ya haska shi da tocila cikin duhu: mai ɗa za a ga jijiyoyin jini kamar saƙar gizo, marar ɗa kuwa fayau. In fayau ɗin ya yi yawa a zubin kaji biyu ko uku, zakaran ne.

Zakaran da muke ɗaukowa a hanya

Nan ne darasin ya fi shafar mu fatake. Zakara komi kyaunshi ba a barin shi ya dawwama. 'Ya'yanshi mata a wata shida ko bakwai sun zama sagara sun fara ƙwai, shi ne kuma zai hau su, sa'an nan jikoki. In jini ya yi ta juyawa a gida ɗaya sai ƙyanƙyasa ta ragu, tsaki su fito raunana, girma ya tsaya. Don haka bayan shekara guda, in ya daɗe shekara da rabi, a canza shi. Ɗan da ka zaɓa daga gidanka ma, in kajin duk 'yan uwanshi ne, abin da ya fi shi ne ka yi musaya: ka ba wani naka mai kyau, ya ba ka nashi mai kyau. Na maƙwabci na jikin danga ba canji ba ne, kajinku sun daɗe da zama dangi.

Mu Allah ya hore mana abin da manomi bai samu ba, muna taka ƙasa mai nisa. Yau muna Maigatari ranar Alhamis, Lahadi muna Mai'aduwa ko Illela, Laraba muna Potiskum, wasunmu har Mubi da Marwa. Muna shiga rugage, kuma kajin Fulani an san su da girman jiki fiye da na cikin gari. Sabon jini ba ya yi mana wuya. Amma ta wannan ƙofa ce mutuwa ke shiga akurki.

Wani ɗan ƙungiyarmu, ba mu faɗin suna don yana karanta wagga jarida, ya ga wani jibgegen zakara a kasuwa kan hanyar dawowa, cikin sanyin hunturu. Araha, har yana mamaki. Ya ɗaure shi a motar shanu, ya iso gida da dare ya jefa shi akurki. Kwana biyar zakaran ya fara gyangyaɗi, fiffike a ƙasa, kashi kore. Kafin mako biyu kajin matanshi biyu da na tsohuwarshi sun ƙare, 'yan da sunka tsira wuyansu ya murɗe. Agwagi kaɗai sunka rage suna yawo abinsu. Kuɗin zakaran bai kai na buhun dusa ba, amma har yau in ana zancen kaji a gidan sai ya tashi ya fita.

Cutar nan ita ce likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, wadda ke share kaji kusan kowane hunturu. Ba ta da magani in ta kama, kafso da barkono da ake jiƙawa ba su kashe ta. Tana iya ɓoyewa a jikin tsuntsu kwana 2 zuwa 15 kafin ta nuna. Kuma ku tuna dabarar da mu ma munka sani a kara: in ciwo ya shiga garke, mai shi kasuwa yake nufa da sauran tun ba su faɗi ba. Mai kaji ma haka yake yi. Zakara mai araha da hunturu, a tambayi dalili. Agwagwa kuma tana iya ɗaukar cutar ta raba wa kaji ita ba ta nuna komi ba. Haka take yi wani lokaci da murar tsuntsaye, wadda anka tabbatar a Jaji ta jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, a watan nan kuma ta bayyana a Magarya, a watan Maris sai ga ta a Marwa. Cuta ba ta tsayawa a duwan ta nuna takarda. Ta sake dawowa yankinmu a 2015 da 2021, kuma duk sa'ad da ta ɓulla hukuma kan hana ƙetare iyaka da tsuntsaye, don haka a tambayi ma'aikatan kiwo na bakin iyaka kafin a ɗauko, kada zakara ɗaya ya sa a tsare maka mota cike da shanu.

In za a ɗauko, a saya a gida ko a ruga inda ka ga sauran kajin da idonka suna kiwo lafiya, ba a tsakiyar kasuwa ba inda kejin gari goma ke jingine da juna. In an iso a aje shi nesa da akurki, da kaskonshi daban, mako uku. Mai ba shi abinci ya fara sallamar kajin gida tukuna, ya zo wurinshi daga baya, ya wanke hannu. A yi mashi rigakafi, shi da na gida duka. Akwai na allura, akwai na ɗigawa a ido da ake kira I-2, ɗigo ɗaya ga kowane tsuntsu babba da yaro, a maimaita duk wata huɗu. Ya fi sauran jure zafi, amma shi ma ba a barin shi cikin rana. Cibiyar Vom a Nijeriya da LANAVET ta Garwa a Kamaru duk suna yin rigakafin wagga cuta. A yi shi wata guda kafin hunturu, don rigakafi ba ya tada wanda ya riga ya kwanta. Canjin zakara kuma a bar shi sai bayan sanyi ya wuce.

Sauran magana ita ce zakaran gidan gona, don mun san ido na kai wa can. Farin nan na nama da ake yankawa a mako shida zuwa takwas, a manta da shi: nauyi ya yi mashi yawa, ba ya iya hawa, bazara kuma na kashe shi, 'ya'yanshi ma ba su fitowa kamar shi. Su Noiler da Sasso da Shika Brown ta cibiyar Shika a Zariya, waɗannan suna iya zama a gida, 'ya'yansu na farko kan fi na gida girma da ƙwai. Amma suna son ci, abin da suke tsinta a bola ba ya isar su, kuma 'ya'yansu mata kwanci na raguwa gare su. Tun shekarun baya an yi shirye-shiryen raba jan zakaran Turawa a ƙauyukan ƙasashenmu da dama, a karɓi na gida a ba da na waje. Inda ba rigakafi ba ƙarin abinci, zakarun ba su daɗe ba. Ra'ayinmu shi ne, wanda ke da dusa wadatacciya da mai kula a gida ya gwada, amma ya bar kajin gida tsantsa huɗu ko biyar da zakaransu don kwanci, in ba haka ba damina za ta zo ga ƙwan zabi cike da ƙwarya ba mai kwanta mashi. Wanda kajinshi ke kwana bisa icce su wuni a bola, zakaran gida mai kyau ya fi mashi.

In sabon zakara ya gama kwanakinshi na ware, a fidda tsohon tukuna, sa'an nan a sa sabon cikin akurki da dare. Kada a yi gaggawar tara ƙwai: kaza na riƙe irin zakara a jikinta mako biyu zuwa uku, ke nan ƙwan kwanakin farko na tsohon ne. A ci su ko a sayar, a fara ajiye na kwanci bayan mako uku.